Darasi na Tara: Lasisi da Lokacin Farautar Agwagin Ruwa a Amurka

Zomo da gada da kurege, dajin da aka haife su nan suke tsufa. Idan sarkin baka ya ce bana kada kowa ya shiga daji kaza sai an kawar da amfanin gona, maganarsa ta wadatar, domin naman nan ba ya zuwa ko'ina. Agwagwar ruwa kuwa ba ta da gari guda. A nahiyar Amurka ta Arewa tana iya yin ƙwai a Kanada cikin watan Mayu, ta ratsa jihohin Amurka da dama a Oktoba da Nuwamba, ta je ta yi hunturu a fadamun Luwiziyana ko a Meziko. Duk inda ta sauka akwai mai bindiga yana jiranta, kowannensu kuma gani yake in ya ɗaga mata ƙafa na gaba ba zai ɗaga ba. Tsuntsun da yake na kowa, to wa zai hana a ƙarar da shi? A wannan darasi za mu duba yadda Amurkawa suka ɓullo wa lamarin: takardun da maharbi yake riƙewa, watannin da aka yarda ya yi harbi, da yadda ake yanke adadin da zai ɗauka a rana.

Yadda abin ya kai ga doka

A ƙarshen ƙarni na 19 harbin agwagi sana'a ce a Amurka. Jirgin ƙasa ya iso, ƙanƙarar adana nama ta samu, gidajen abinci na Niyok da Baltimo suna saye da tsada. A mashigin tekun Cesafik akwai masu ɗaura wata ƙatuwar bindiga a kan kwalekwale, su lallaɓa da dare zuwa inda garke yake barci a kan ruwa, harbi guda ya kwantar da gommai. Ba ruwansu da wata, ba ruwansu da mace mai ƙwai a ciki. Mutane suka fara farga lokacin da wasu tsuntsaye suka soma ɓacewa ƙurmus. Akwai wata irin kurciyar daji da a da garkenta kan rufe rana in yana wucewa, amma ta ƙarshe a duniya ta mutu a gidan namun daji na Sinsinati a 1914.

Jihohi sun yi ta kafa dokokinsu, ba su yi tasiri ba, saboda babu jihar da take son ta takura wa mutanenta alhali maƙwabciyarta ta sakar wa nata mara. Sai a 1916 Amurka ta ƙulla yarjejeniya da Birtaniya, wadda ta sa hannu a madadin Kanada, kan kare tsuntsaye masu ƙaura. A 1918 majalisar Amurka ta mayar da yarjejeniyar doka. Jihar Mizuri ta garzaya kotu tana cewa tsuntsun da yake cikin iyakarta nata ne, babu ruwan gwamnatin tarayya, amma a 1920 Kotun Ƙoli ta yi watsi da ƙarar. Meziko ta shigo da tata yarjejeniyar a 1936.

Abu uku dokar ta kafa waɗanda har yau a kansu ake. An haramta sayar da naman waɗannan tsuntsaye, wanda hakan ya kashe sana'ar 'yan kasuwar harbi. An rufe farauta daga 10 ga Maris zuwa 1 ga Satumba, domin a cikin waɗannan watanni ne tsuntsayen suke komawa arewa, su yi sheƙa, su yi kwanci, su reni 'ya'ya, manyan kuma su zubar da gashin fiffike har su yi makonni ba sa iya tashi. Sannan ko a cikin watannin da suka rage, ba za a buɗe farautar wani iri fiye da wata uku da rabi ba, wato kwana 107. Ku lura da yadda aka gina dokar: asali a rufe farautar take, sai gwamnati ta buɗe ta da sanarwa kowace shekara. In ba a yi sanarwa ba, babu harbi.

Akwai wata agwagwa mai ado da take sheƙa a kogon itace, wadda a lokacin ake ganin ta kusa ƙarewa. An hana taɓa ta gaba ɗaya daga 1918 har 1941. Yau tana cikin waɗanda aka fi samu a gabashin ƙasar.

Takardun da maharbi yake riƙewa

Na farko lasisin jiha ne. Kowace jiha da kuɗinta, baƙon da ya zo daga wata jiha kuma yakan biya ninkin abin da ɗan gida yake biya. Galibin jihohi ba sa ba matashi lasisi sai ya nuna shaidar ya yi kwas na sanin bindiga da dokokin daji. Jihohi da yawa suna da nasu ƙarin kan sarki na tsuntsayen ruwa. Kalifoniya ce ta fara a 1971. Sai rajistar ƙidaya, wadda ta game ƙasar tun ƙarshen shekarun 1990: maharbi ya ba da adireshinsa, ya amsa 'yan tambayoyi kan abin da ya harba bara, a ba shi lamba.

Wadda ta fi su duka suna ita ce takardar tarayya, kan sarkin agwagwa, kuma labarinta ya cancanci a tsaya a kansa. A shekarun 1930 fari mai tsanani ya afka wa tsakiyar Amurka da Kanada. Tafkunan da agwagi suke hayayyafa suka ƙafe, ga shi dama manoma sun riga sun janye ruwan fadamu masu yawa sun mayar da su gonaki. Aka ga hana harbi kaɗai ba zai yi magani ba, tunda tsuntsun da bai sami ruwan da zai yi sheƙa ba, ko ba a harbe shi ba zuriyarsa ta yanke. Ana bukatar kuɗin sayen fadama, gwamnati kuwa tana cikin matsin tattalin arziki. A ranar 16 ga Maris 1934 Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a dokar da ta wajabta wa duk mai shekara 16 zuwa sama da zai harbi agwagwa ko dinya ya sayi wani kan sarki na musamman. Mutumin da ya zana na farkon, Jay Darling, mai zanen barkwanci ne a wata jaridar jihar Ayowa, wanda Roosevelt ya naɗa shugaban hukumar da take kula da namun daji a wancan lokaci. Ya zana agwagi biyu suna sauka a kan ruwa, aka sayar da kowane guda dala ɗaya.

Tun 2015 kuɗinsa dala 25 ne. Yana aiki daga 1 ga Yuli zuwa 30 ga Yunin shekara mai zuwa, kuma na takardar ba ya aiki sai mai shi ya rattaba hannu da tawada a kan fuskarsa, don kada mutum biyar su riƙa karɓa-karɓa da guda. Yanzu ana iya sayensa ta intanet. Abin da ya bambanta shi da sauran haraji shi ne inda kuɗin yake zuwa: kashi 98 cikin 100 a sayen fadamu da tafkuna ko ɗaukar hayarsu ake kashe shi, ba ya faɗawa babban asusun gwamnati balle a yi wata hidima da shi. Daga 1934 zuwa yau an tara sama da dala biliyan ɗaya, an kuma killace fili kusan eka miliyan shida. A ganina nan ne hikimar tsarin take. Mutum yana iya ƙin haraji in bai san inda yake shiga ba, amma maharbin Amurka yana iya tuƙa mota ya je ya tsaya a bakin tafkin da kuɗinsa ya saya. Shi ya sa har masu kallon tsuntsaye, waɗanda ba su taɓa riƙe bindiga ba, suke saye. Hoton da za a buga kuwa gasa ake yi a kansa duk shekara tun 1949, wanda ya ci ba a ba shi ko sisi, sunan da ya yi shi ne ribarsa.

Ƙidaya kafin izini

Wa yake yanke cewa bana kwana nawa za a yi, agwagwa nawa za a ɗauka? Wani masani mai suna Frederick Lincoln ya shafe shekaru yana nazarin zobban da ake maƙala wa tsuntsaye a ƙafa, masu ɗauke da lamba. Maharbi in ya harbi mai zobe sai ya aika da lambar, a duba inda aka sa mata shi. Daga nan aka gane cewa agwagi ba yawo suke yi kara zube ba, suna da hanyoyinsu na gado daga arewa zuwa kudu, kamar yadda shanu suke da burtali. Tun 1948 aka raba ƙasar gida huɗu bisa waɗannan hanyoyi: ta gaɓar Atlantika, ta kogin Misisifi, ta Tsakiya, da ta gaɓar Fasifik. Kowace hanya tana da majalisa ta wakilan jihohin da take ratsawa, su ne suke kai shawara ga Hukumar Kula da Kifaye da Namun Daji ta tarayya.

Shawarar ba da ka ake yin ta ba. Tun 1955, duk watan Mayu, ƙananan jiragen sama suna bin layuka sanannu a kan filayen hayayyafa na Dakota da Montana da lardunan Albata, Saskacewan da Manitoba na Kanada har zuwa Alaska. Suna tafiya ƙasa-ƙasa, matuƙi yana ƙirga na gefensa, abokin aikinsa yana ƙirga na ɗaya gefen. Wata tawaga kuma tana bin wasu sassan layin a ƙasa don a gano nawa ne na sama suka tsallake, a gyara lissafi. Ba tsuntsaye kaɗai ake ƙirgawa ba, har da kududdufai, domin yawan ruwan da ya kwanta a Mayu shi yake nuna yawan 'yan tsakin da za a ƙyanƙyashe. Annobar korona ce ta katse wannan aiki a 2020 da 2021.

Bayan an rufe farauta kuma akwai wata ƙidayar. Ana zaɓen wasu maharba a aika musu da ambulan, duk agwagwar da suka harba su yanke fiffike guda su saka a gidan waya. Masana su taru su baje dubban fikafikai a kan tebur. Da ganin gashin suna iya faɗin irin tsuntsun, mace ce ko namiji, ɗan bana ne ko tsoho. In 'yan bana sun yi yawa, an san hayayyafa ta yi kyau.

Da waɗannan alƙaluma ake zaɓar tsarin shekara, tun 1995, daga cikin matakai da aka riga aka tsara: na tsuke hannu, na tsaka-tsaki, ko na sassauci. A ƙarshen shekarun 1980, da aka sake yin fari, maharban hanyar Misisifi kwana 30 kacal aka ba su, agwagwa uku a rana. Tun 1997 suna kan kwana 60 da agwagwa shida. Hanyar Atlantika ma 60 ce, ta Tsakiya 74, ta Fasifik kuwa 107 da agwagwa bakwai. Bambancin ba son kai ba ne: inda maharba suka fi cunkoso a kan tsuntsaye, nan aka fi taƙaita kwanaki. Gwamnatin tarayya takan ce kada a buɗe kafin ƙarshen Satumba, kada a wuce 31 ga Janairu. A cikin wannan tsakani kowace jiha take zaɓar ranakunta. Jihar arewa kamar Minesota da wuri take buɗewa kafin tafkuna su daskare, ta kudu kamar Akansas kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba, lokacin da tsuntsayen suka iso gonakin shinkafarta. Jiha tana da ikon ƙara tsanani, ba ta da ikon sassautawa.

Shida ɗin nan ma ba kowace shida ba ce. A hanyar Misisifi, agwagwar da ake kira malad, wadda namijinta yake da koren kai, ba a wuce huɗu, mata a cikinsu kuma ba su wuce biyu ba, saboda mace ce mai kwanci. Wata agwagwa mai tsinin wutsiya kuwa an yi shekaru guda ɗaya tak aka yarda a ɗauka. Ma'ana, dole maharbi ya iya gane tsuntsu yana sama, cikin duhun asuba, kafin ya ja kunamar bindiga. Wanda bai iya ba, kuskurensa a kansa. Don haka ne ma doka ta ce in za a ɗauko nama daga daji a bar kai ko fiffike guda da gashinsa, jami'i ya gani ya tantance. Abin da mutum zai ajiye gaba ɗaya kuma bai wuce ninki uku na rabon rana ba.

Yadda aka yarda a yi harbin

Ana fara harbi rabin sa'a kafin fitowar rana, a daina da faɗuwarta. Tun 1935 aka hana zuba hatsi don janyo tsuntsaye, aka hana ɗaure agwagwa mai rai ta kira 'yan uwanta, sai dai ta katako ko ta roba. Bindigar da take cin harsashi da yawa dole a cusa mata toshi yadda ba za ta ɗauki fiye da uku ba. Ba a harbi daga mota, ba a harbi daga jirgin ruwa yana gudu da inji. Wanda ya harbo tsuntsu wajibi ne ya yi iya ƙoƙarinsa ya ɗauko shi, a lissafa cikin rabonsa. Saɓa waɗannan yana iya jawo tara har dala 15,000 ko ɗaurin wata shida.

Maganar dalma ta fi duka jawo gardama. Harsashin tsuntsaye cike yake da ƙananan ƙwayoyi, kaɗan ne suke samun tsuntsu, sauran su zube cikin laka. Agwagwa tana kiwo a ƙasan ruwa sai ta haɗiye su a zaton tsakuwa ce, ƙundunta ya niƙe su, gubar ta shiga jini, ta rame ta mutu a cikin ciyawa inda babu mai gani. Mikiyar da ta ci mushen ita ma ta kamu. Wani bincike da Frank Bellrose ya wallafa a 1959 ya ƙiyasta cewa kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na tsuntsayen ruwan nahiyar ta haka suke mutuwa duk shekara. Maharba suka yi ta turjiya, suna cewa ƙwayar ƙarfe ba ta da nauyi, tana kuma lalata bakin bindiga. Sai a 1991 aka haramta harbin tsuntsayen ruwa da dalma a duk faɗin ƙasar, shekara 32 bayan an san gaskiyar lamarin. Kanada ta biyo baya a 1999.

Inda dokar ta yi tuntuɓe

Waɗanda suka rubuta yarjejeniyar 1916 masu harbin nishaɗi suka sa a gaba, suka manta da mutanen asali na Alaska. A can tsuntsayen ba sa isowa sai Afrilu da Mayu, daidai lokacin da abincin hunturu ya ƙare, kuma kafin Satumba yawancinsu sun tafi. Wato watannin da doka ta rufe su ne kaɗai watannin da naman yake nan. A 1961 jami'ai suka kama wasu mutane a garin Baro saboda harbin agwagwa. Mutum 138 na garin suka fito, kowa riƙe da agwagwa a hannu, suka ce a kama su duka. Gwamnati ta janye ƙarar, amma dokar ta zauna yadda take har aka gyara yarjejeniyar a 1997, aka buɗe musu farautar abinci bisa doka a 2003. A 2018 hukumomin kula da namun daji suka nemi gafararsu a fili. Dokar da ba ta bambanta mai neman abin sawa a tukunya da mai neman nishaɗi ba, ɓarayin dole kawai take haifarwa.

Wani lokaci kuma kariyar ce take wuce gona da iri. Farar dinya ta yawaita har ta cinye ciyawar filayen da take hayayyafa a gaɓar mashigin Hudson. Tun 1999 aka ba da izini na musamman a harbe ta har bayan 10 ga Maris, a cire toshin bindiga, a yi amfani da na'urar kira, a jihohi da yawa ma babu iyakar adadi.

Me ya haɗa mu da wannan?

Mu ma muna kan hanyar ƙaura. Agwagin da suke hayayyafa a Turai da yammacin Asiya suna tsallake Sahara su sauka a fadamun Haɗeja da Nguru, da Tafkin Cadi, da kwarin kogin Neja, daga wajen Oktoba har Maris. A watan Janairu akan yi ƙidayarsu. Dagona, a Jihar Yobe, wuri ne da aka keɓe musu cikin gandun daji na ƙasa, ba a farauta a cikinsa. Tafkin Nguru ya shiga jerin Ramsar na fadamu masu muhimmanci a duniya a 2000. Nijeriya da Nijar duka suna cikin yarjejeniyar 1995 ta kare tsuntsayen ruwa masu ƙaura tsakanin Afirka da Turai da Asiya, wadda ta nemi a daina harbi lokacin hayayyafa, a kuma rabu da dalma a fadamu. A Nijar dokar 1998 ce take tsara farauta da takardar izininta. A Nijeriya lasisin bindiga a hannun 'yan sanda yake, izinin farauta kuwa sha'anin hukumar gandun daji ne, kuma samun ɗaya ba ya ɗauke wa mutum neman ɗayan.

Sai dai kwafo ranakun Amurka ba zai yi mana aiki ba. Dinya da kirinjijiya 'yan gida ne, da damina suke ƙwai, don haka watan Satumba da Amurkawa suke buɗe farauta, a nan 'yan tsaki ne cike da ciyawa. Matsalar ruwa kuwa iri ɗaya ce. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992, ambaliyar da take cika fadamun Haɗeja ta ragu, kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, abin da ya taɓa masunta da manoman shinkafa da makiyaya kafin ma a zo kan tsuntsu.

Aikin aji

1. Maharbi 200 sun sayi kan sarkin agwagwa a kan dala 25 kowanne. Nawa aka tara? In kashi 98 cikin 100 zai tafi sayen fadama, dala nawa ke nan?

2. A hanyar Misisifi wani ya harbi malad mata uku da maza biyu a rana guda. Ta fuska nawa ya karya doka? Ku yi bayani.

3. Don me ake ƙirga kududdufai a watan Mayu, alhali tsuntsaye ake nema?

4. Ku kasu rukuni-rukuni. Ku tambayi wani dattijon maharbi ko sarkin ruwa na yankinku watannin da dinya da kirinjijiya suke ƙwai, da ko a da akwai lokacin da ake hana taɓa su, da wanda yake hanawar. Ku rubuta abin da ya faɗa cikin layi goma, ku zo da shi darasi na gaba.